Labarin Abubakar Assuli, Gwanin Shaɗaranji na Bagadaza

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya ko ta Ajingi ya san dara. Da an gama kaka, an kai hatsi rumbu, sai a ga manya a gindin inuwa sun tona gurabu talatin a ƙasa, jeri biyar, kowane jeri gurbi shida, wannan yana riƙe da 'ya'ya goma sha biyu na kara, wancan da goma sha biyu na tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokinsa. Ba garin da ba shi da gwaninsa, wanda ake tasowa daga wani ƙauye a zo a gwada ƙarfi da shi. Amma ran da gwani ya mutu, ran nan aka binne shi da gwanintarsa, domin ba mai rubuta yadda ya kasa 'ya'yansa, balle yadda ya tura su. Jikokinsa sai dai su ji an ce da an yi wani gwani.

Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu labarin wani mutum wanda ya rubuta tasa darar. Ya fi shekara dubu da rasuwa, amma har wa yau ana iya shimfiɗa allo a jera 'ya'ya yadda ya jera su, a bi sawun hankalinsa taki taki. Sunansa Abubakar Muhammadu ɗan Yahaya, ana yi masa laƙabi da Assuli.

IRIN WASAN

Wasan da ya shahara da shi Larabawa suna kiransa shaɗaranji, Turawan Ingila kuwa ces. Asalinsa daga ƙasar Hindu ne, ya shiga Farisa, daga Farisa Larabawa suka karɓe shi sa'ad da suka ci ƙasar a cikin ƙarni na 7. Su ne kuma suka kai shi Andalus, ya watsu cikin Turai. Bai tsallake ƙasashenmu ba ɗungum, gama ya zo Barno, inda ake kiransa tsatsarandi, aka raɗa wa 'ya'yansa sunayen sarautun ƙasar, irin su Mai da Ciroma da Kaigama. Baturen nan C. K. Meek ya ambace shi cikin rubutunsa.

Allon wasan yana da gida sittin da huɗu, takwas sau takwas. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha shida: sarki guda, waziri guda, giwa biyu, doki biyu, karusa biyu, da dakaru takwas a gaba. Bambancinsa da dararmu shi ne, 'ya'yan dara duk ɗaya suke, na shaɗaranji kuwa kowa da irin tafiyarsa. A zamanin Assuli waziri ba ya wuce gida guda, a karkace. Giwa tana tsallakawa gida biyu a karkace. Dakare gida guda yake ci gaba ko a tafiyarsa ta fari, in ya kai ƙarshen allo ya zama waziri. Doki da karusa da sarki suna tafiya kamar yadda suke yi yanzu. Ana cin wasa in an tsare sarki ya rasa mafita. Ana ci kuma in an cinye wa mutum 'ya'yansa duka, aka bar sarkinsa tsirara, sai fa in shi ma yana iya cinye ɗan ƙarshe na abokinsa a tafiyar da ke biye, sa'an nan an yi canjaras. A riƙe wannan ƙa'ida ta ƙarshe, za mu bukace ta nan gaba. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15, a ƙasar Sifen, aka sake dokoki, aka ba waziri da giwa doguwar tafiya, wasa ya yi sauri kamar yadda aka san shi yau.

ASALINSA DA KARATUNSA

Assuli jinin Turkawa ne. Kakan kakanninsa, Sul, sarki ne a Jurjan, kusa da tekun Kasfiyan, ya musulunta a hannun Yazidu ɗan Muhallab, jarumin Banu Umayya, a farkon ƙarni na 8. Zuriyarsa suka shiga hidimar Abbasiyawa tun farkon mulkinsu, suka zama marubutan fada. A cikinsu akwai Ibrahimu ɗan Abbas, wanda ya rasu a 857, mawaƙi kuma magatakarda sananne. Cikin irin wannan gida aka haifi Abubakar a rabin ƙarshe na ƙarni na 9, ya tashi a Bagadaza, birnin da a lokacin ba shi da na biyu a ƙasashen Musulmi wajen ilmi da dukiya.

Ya yi karatu gaban manyan zamaninsa. Ya ɗauki lugga da nahawu wurin Mubarrad da Sa'alab, shugabannin makarantun nahawu biyu masu gaba da juna, ta Basra da ta Kufa. Ya ji hadisi daga Abu Dawuda, mai littafin Sunan. Daga baya shi ma aka zauna gabansa, har Daraƙuɗni malamin hadisi da Marzubani suna cikin waɗanda suka ruwaito daga gare shi. Yana da ɗaki cike da littattafai, ya jera su sahu sahu, kowane sahu da launin bangonsa, yakan ce duk abin da ke cikinsu ya ji shi ne daga bakin malamai. In an yi masa tambaya sai ya aiki yaro ya ɗauko littafi kaza, har wani mawaƙi ya yi masa ba'a, wai ilminsa yana cikin ɗaki ne. Mu dai ba mu ga abin ba'a a nan ba. Mutumin da ba ya amsa tambaya sai ya duba, shi ne wanda za a dogara da maganarsa, kuma wannan hali ne ya bi shi har kan allon wasa.

KARAWARSA DA MAWARDI

A zamanin Halifa Muktafi, wanda ya yi sarauta daga 902 zuwa 908, akwai wani gwanin shaɗaranji a fada ana kiransa Mawardi. Ya sami shiga ƙwarai wurin Halifa, ba wanda ake gani kamarsa. Sai labarin Assuli ya kai kunnen Halifa, ya sa aka kirawo shi, aka shimfiɗa allo a gabansa domin su kara. Mas'udi, masanin tarihi wanda ya yi zamani da su, shi ya ba da labarin abin da ya faru. Halifa bai ɓoye wanda yake so ya ci ba. Yana ta ƙarfafa Mawardi, yana yaba tafiyarsa, yana nuna masa goyon baya a fili, har wannan ya rikita baƙo a farkon wasa. Ku duba irin matsayin da saurayin nan ya sami kansa. In ya bari aka ci shi, ya koma gida ba suna. In ya ci, ya ci ɗan gaban goshin Sarkin Musulmi a kan idonsa.

Da wasa ya yi nisa sai Assuli ya tattara hankalinsa, ya bar duban fuskar Halifa, ya koma duban allo. Ya yi wa Mawardi cin da ba gardama a cikinsa, har ya hana shi ko motsin kirki. Da Halifa ya ga gaskiya ta fito sai ya juya. Sunan Mawardi daga ruwan wardi aka samo shi, watau turaren fure, sai Halifa ya yi wasa da sunan, ya gaya masa turarensa ya koma abin wari. Daga ran nan Assuli ya zama abokin hirar Halifa.

Abin koyi na fari a nan a bayyane yake. Mai wasa ba ya karawa da taron da ke kewaye da allo, ko da a cikinsu akwai mai sarauta. Duk mun san yadda 'yan kallo ke yi a gindin dara, wannan ya yi gyaran murya, wancan ya yi tsaki, wani ya yi dariya tun ba a ci kowa ba. Gwanin da ya bi ta tasu, dara ta ci gida. Haka ɗalibi a ɗakin jarrabawa, haka sabon malami ran da mai duba makarantu ya zauna a bayan aji. Rikicewar farko ba abin kunya ba ce, ta sami Assuli ma. Abin da ya raba shi da saura shi ne ya san hanyar komowa cikin hankalinsa tun wasa bai ƙare ba. Akwai abin lura kuma game da Mawardi. Wanda ya jingina da son da babba ke yi masa, ya bar gyara sana'arsa, ran da aka zo da wanda ya fi shi ba mai tsaya masa, har shi mai son nasa.

LITTAFINSA NA SHAƊARANJI

Kafin Assuli an yi gwanaye. Akwai Adli, wanda ya rubuta littafi a kan wasan, ya daɗe ba mai cinsa, sai da Razi ya ci shi a gaban Halifa Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861. Assuli ya ɗauki littafin Adli ya bi shi dalla dalla, inda ya ga daidai ya tabbatar, inda ya ga kuskure ya nuna, ya kawo hujja a kan allo. Ibn Nadim, mai littafin Fihrist, ya ce Assuli ya fitar da littafin nasa sau biyu, watau ya sake shi bayan rubutun fari. An sami manyan yankuna na aikinsa da na Adli cikin wani rubutun hannu na shekara ta 1140 da ke Istambul, wanda H. J. R. Murray ya yi aiki da shi cikin babban tarihin wasan da ya buga a 1913.

Abu uku ne a cikin wannan ilmi za mu tsaya a kansu. Na ɗaya, ƙimar 'ya'ya. Assuli ya yi musu kuɗi kamar kayan kasuwa. Karusa dirhami guda, doki sulusi biyu na dirhami, waziri sulusi ko ya ɗara kaɗan, giwa rubu'i. Dakaru ma bai yi musu kuɗi ɗaya ba. Biyu na tsakiya ya ba su rubu'i, daidai da giwa, na can gefe kuwa sumuni kaɗai. Ma'anar wannan ita ce darajar ɗa tana bin wurin da yake tsaye da aikin da yake iya yi daga nan. Masu dara sun san haka ko ba su taɓa lissafa shi ba, gama ɗan da ke tsakiyar gurabu yana da hanya huɗu, na kusurwa biyu kaɗai.

Na biyu, kasa rundunar farko, abin da suke kira ta'abiya. Da yake 'ya'yan wancan zamani gajeren taki gare su, akan daɗe kafin runduna biyu su haɗu, sai kowa ya yi ta shirya tasa bisa wani tsari sananne. Kowane tsari da sunansa. Akwai Mujannah, watau mai fikafikai, akwai Sayyal, watau ambaliya, akwai Saif, watau takobi. Almajirin Assuli, wanda ake yi wa laƙabi da Lajlaj saboda in'ina, ya rubuta dogon bincike a kan Mujannah, kuma bai ɓoye bashin da malaminsa ke binsa ba. Abin da suka koyar shi ne kada mutum ya tura ɗa don kawai layi ya zo kansa. Tun tafiyar fari ya san siffar da yake so rundunarsa ta ɗauka, kowane ɗa ya fito ya tsaya inda zai yi amfani. Wanda ya yi ta wasa da doki guda alhali sauran runduna na barci, shi ne manomin da ya yi ta nome kunya guda har damina ta wuce.

Na uku, darajojin 'yan wasa. Sun kasa su aji biyar. Na sama su ne aliyat, ba su taɓa yawa a zamani guda ba. Na biye da su mutaƙaribat, watau makusanta. Ana gane ajin mutum da abin da gwani zai rage daga rundunarsa kafin su yi daidai. Makusanci akan rage masa dakare, na uku waziri, na huɗu doki, na biyar karusa. Ta haka ƙarami yana iya zama da babba su yi wasa mai daɗi, ƙarami ya ƙaru, babba kuma bai yi hamma ba. Mu da ake shirya mu domin koyarwa, wannan dabara ce da ta shafe mu. Ba a koya wa yaro ta hanyar murƙushe shi kullum, ba a kuma koya masa ta hanyar bar masa ci da gangan. A rage masa nauyi gwargwadon ƙarfinsa, sa'an nan a yi da gaske.

KARUSA BIYU

Littattafan nan cike suke da abin da ake kira mansuba, watau a jera 'ya'ya kamar wasa ya kusa ƙarewa, a ce wa mai karatu ya nemo hanyar ci. Wadda ta fi shahara cikin mansubobin wancan zamani ita ce wadda daga baya aka laƙaba wa sunan Dilaram. A cikinta sarkin mai tafiya yana bakin halaka, saura taki guda a tsare shi. Ba shi da lokacin kare kansa. Sai ya jefa karusarsa ta fari a bakin sarkin abokin gaba, aka cinye. Giwa ta yi tsalle ta buɗe wa karusa ta biyu hanya, ita ma ya jefa ta, aka cinye. Sa'an nan dakare ya matsa, doki ya zo ya rufe ƙofa. 'Ya'ya biyu mafi tsada sun tafi, ƙanana sun gama aiki. Mutanen baya suka ƙaga mata labari, wai wani basarake ne ya yi caca har ya sa matarsa Dilaram, da ta ga za a ci shi sai ta yi masa ishara ya ba da karusansa biyu ya bar ta.

Irin wannan dabara ba ta mutu da tsohuwar doka ba. A birnin Landan, a 1851, Adolf Anderssen ya ba Lionel Kieseritzky karusa biyu da giwa da waziri, ya tsare sarkinsa da ƙananan 'ya'ya uku da suka rage. A Faris kuma, a 1858, Paul Morphy mutumin Amurka ya ci wasu manyan Turawa biyu da suka haɗa kai a kansa, cikin tafiya goma sha bakwai, bayan ya ba da wazirinsa. To, kada mai karatu ya ce wannan ya rushe lissafin dirhami da muka kawo. Wanda ya san kuɗin karusa shi ne ya san abin da ya saya da ita. Ba da ɗa bisa lissafi gwaninta ce, ba da shi bisa fata kuwa caca ce, kuma allo ba ya jinkirin bayyana wanda aka yi.

LU'ULU'UN ASSULI

Akwai wata mansuba tasa wadda ta fi duk sauran ban mamaki, ga ta kuwa 'ya'ya huɗu ne kacal a kan allo. Domin wanda yake so ya gwada, a sa wa layukan tsaye haruffa daga a zuwa h, na kwance lambobi daga 1 zuwa 8. Farin sarki yana b3, farin waziri yana c3. Baƙin sarki yana d5, baƙin waziri yana kusurwa, a1. Fari ke da tafiya, kuma an ce shi zai ci. A tuna waziri gida guda yake tafiya a karkace, a tuna kuma da ƙa'idar barin sarki tsirara.

Da ganin fari abin kamar ba wuya. Baƙin waziri yana tsare a kusurwa, in ya fito b2 an cinye shi. Sai mai gaggawa ya kai sarkinsa a2 don ya kama shi. Baƙin sarki ya matso c4. Fari ya ci waziri a kusurwa, baƙi ya ci nasa a c3, an yi canjaras. In kuwa fari ya bi ta ɗaya gefen, ya tafi c2, sai baƙin sarki ya zagaya ta e4, ya bi farin waziri duk inda ya gudu, ƙarshenta dai canjaras. Amma da a ce a wannan jeri baƙi ne ke da tafiya, da ya halaka, domin d5 ne kaɗai gidan da yake iya tsare hanyoyin nan biyu daga cikinsa, ko'ina ya matsa ya saki guda. Ashe duk wuyar ita ce yadda fari zai mai da layi kan abokinsa, alhali doka ba ta yarda mutum ya ce ya yafe tafiyarsa ba.

Assuli ya rubuta cewa mansubar tsohuwa ce, kuma saboda wuyarta ba wanda ya warware ta sai shi da wanda ya koya wa. Aka yi ta kwafe ta daga littafi zuwa littafi, cikakkiyar amsa kuwa ba ta zo tare da ita ba. Ta zauna haka wajen shekara dubu. Sai a cikin shekarun 1980 Yuri Averbakh, babban gwanin ƙasar Rasha, masanin ƙarshen wasa, ya gano hanyar. Farin sarki zai juya wa abin farautarsa baya, ya hau b4, ya yi ta tafiya cikin allo, baƙin sarki yana gudu gabansa yana neman gidan da ya dace da kowane taki, har su kai can gefe su komo. Bayan tafiya goma sha wani abu sai ga su a jerin farko, amma yanzu layi yana kan baƙi. Averbakh ya jinjina wa tsohon gwani, aka kuma san mansubar da sunan lu'ulu'un Assuli. Maganar da mutum zai ɗauka cika baki ce, sai ta tabbata gaskiya bayan ƙarni goma.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, sun kuma ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba mu san inda aka nuna gaskiyar karin maganan nan biyu a fili kamar cikin 'ya'yan nan huɗu ba. Abin da kake so yana kusa da hannunka, taki biyu, amma in ka miƙa hannu ka rasa shi. Hanyar samunsa ita ce mai nisa.

HIDIMAR FADA DA ƘARSHENSA

Bayan Muktafi, Assuli ya zauna a fadar Muƙtadir, wanda ya yi sarauta daga 908 zuwa 932, aka danƙa masa tarbiyyar ɗan Halifa, wanda daga baya ya hau gado da sunan Radi. Ya saya wa yaron littattafan fiƙihu da lugga da waƙa da tarihi. Shi da kansa ya ba da labari cewa wata rana bayin fada suka zo suka kwashe littattafan don a duba abin da ake koya wa ɗan sarki. Da aka komo da su, yaron ya gaya musu su shaida wa wanda ya aiko su cewa waɗannan littattafan ilmi ne, ba irin tatsuniyoyin Sindbad da suke karantawa ba. Radi ya yi sarauta daga 934 zuwa 940, bai manta da malaminsa ba. An ruwaito cewa ran nan yana yawo cikin lambu, fadawa suna ta yabon furanni, sai ya ce musu kallon wasan Assuli ya fi masa wannan duka daɗi.

Kada a zaci wasa ne kaɗai aikinsa. Ya tattara waƙoƙin Abu Tammam da Abu Nuwas da Ibn Rumi da waɗansu, ya shirya su. Ya rubuta Adabul Kuttab domin koya wa magatakarda aikinsu, tun daga fiƙe alƙalami har tsara wasiƙa. Ya rubuta Kitabul Auraƙ, tarihin Abbasiyawa da mawaƙansu, inda ya faɗi abin da ya gani da idonsa a fada. Masu binciken tarihin wancan zamani suna dogara da shi ƙwarai.

Amma zamanin ya lalace. An kashe Muƙtadir a 932, an makantar da Ƙahir a 934, iko ya koma hannun shugabannin soja. Da Radi ya rasu, Halifa Muttaƙi ya ce ba ya bukatar abokan hira, sai Assuli ya rasa matsayinsa. Ya tafi Wasiɗ wurin Bajkam, shugaban soja, aka kashe Bajkam a 941. Ƙarshenta talauci ya kore shi daga Bagadaza zuwa Basra. A can ya ruwaito wani labari game da Sayyidina Ali wanda ya tayar masa da mutane, har ya ɓuya. Yana cikin ɓuya ajali ya same shi, a shekara ta 335 ta Hijira, watau 946, waɗansu kuwa sun ce a shekarar da ke biye. Mutumin da ya zauna da halifofi uku ya mutu ba mai sallama a ƙofarsa.

Sunansa dai bai mutu ba. Ya zama abin buga misali, in an ga gwani sai a ce yana wasa kamar Assuli. Har Ibn Hallikan, mai tarihin mashahuran mutane a ƙarni na 13, ya ce ya tarar da mutane da yawa suna zaton Assuli ne ya ƙago wasan. Ya gyara musu, ya kawo labarin Sissa mutumin Hindu, wanda aka ce ya roƙi sarki ladan ƙwayar alkama guda a gidan fari, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na sittin da huɗu. Jimlar ita ce 18,446,744,073,709,551,615, abin da rumbunan duniya ba su ɗauka. Masu koyar da lissafi a cikinmu suna iya gwada yara da wannan.

Wajibi ne mu ambaci cewa malamai sun yi magana a kan wasan nan. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta hana shi, Imamu Shafi'i kuwa ya karhanta shi, mabiyansa suka sa sharaɗin kada a yi caca, kada ya shagaltar da mutum daga salla, kada a yi alfasha a kansa. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da muka ɗauko daga rayuwar Assuli yana da amfani ko ga wanda bai taɓa zama gaban allo ba: ya tsare hankalinsa a gaban mai iko, ya binciki aikin magabata da ladabi ba tare da tsoron gyara ba, ya rubuta abin da ya sani, ya kuma bar almajiri. Fadar da ya yi wa hidima ta rushe, dukiyar da aka ba shi ta ƙare tun yana da rai, abin da ya sa a takarda shi ya wanzu.

Muna roƙon 'yan'uwa da za su tafi hutu Gaya da Ajingi da sauran garuruwa, kowa ya nemi gwanin darar garinsu, ya zauna kusa da shi da takarda da fensir. A sa wa gurabu lambobi daga 1 zuwa 30, a rubuta yadda ya kasa da yadda ya tura, ko da wasa uku ne, a kawo mu buga a wannan mujalla. Allah ya jiƙan Abubakar Assuli, ya gafarta masa, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani. Amin.